Yadda Za Ki Motsa Jiki a Gida Ki Rage Teɓa Idan Al'ada Ta Fara Ɗaukewa

Tambayar da matan da suka haura shekara 40 suka fi yi mana ba ta wuce wannan ba: abinci bai ƙaru ba, amma ciki sai fitowa yake yi, zani ya daina zagayowa yadda ya saba, kuma babu halin zuwa wurin motsa jiki na kuɗi. Me za a yi a cikin gida?

Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana cewa ta ɗauke idan aka yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. Kafin nan takan yi shekaru tana rikicewa, yau ta zo da wuri, gobe ta tsallake wata biyu. A wannan tsakanin sinadarin jikin mata da ake kira istirojin yana raguwa, sai kitsen da a da yake zama a cinya da ƙugu ya koma taruwa a ciki, tsoka ta riƙa zubewa, ƙashi ya fara rage ƙwari. Shi ya sa horon yunwa da ya yi miki aiki kina 'yar shekara 25 yanzu yake cutar da ke: yana cinye tsokar da dama take ƙarewa. Abin da ke aiki shi ne tafiya mai sauri tare da atisayen ƙarfafa tsoka, kuma na biyun ne mata suka fi tsallakewa alhali shi ne ginshiƙi. Ga yadda ake bi, daki-daki.

1. A fara da awon jini

Kada ki fara komai sai kin san hawan jininki da sukarinki. Ana auna su a asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko a babban kemis, cikin 'yan mintuna, kuma kuɗinsu bai kai na kwalin shayin rage ƙiba ba. Idan awon jini ya kai 140/90 ko ya wuce, ki ga likita, amma tafiya a hankali ba ta haramta gare ki ba. Idan ya kai 180/110, ki ajiye maganar motsa jiki gaba ɗaya sai an saukar da shi. Sukarin da aka auna da safe kafin a ci komai, idan ya kai 126 mg/dL, yana buƙatar a sake aunawa a asibiti.

Gargaɗi: akwai abubuwa uku da motsa jiki ba ya maganinsu, kuma bai kamata a jira ba. Na farko, ganin jini bayan an yi shekara guda cur al'ada ta ɗauke, ko da ɗigo ne. Na biyu, jini mai yawa da guda-guda wanda ke sa jiri da haki, domin yana jawo ƙarancin jini, mai ƙarancin jini kuwa ba ta iya sassarfa. Na uku, cikin da ke kumbura da sauri ko ake jin ƙullutu mai tauri a mara. Waɗannan na likitan mata ne, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato ko duk inda kika saba zuwa. Sannan ki tuna, muddin al'ada ba ta cika wata 12 da ɗaukewa ba, ana iya samun juna biyu. Ba kowane fitowar ciki ne teɓa ba.

2. Ki auna ƙugu, ki rage hawa sikeli

Ki samo tef irin na tela. Da safe kafin karin kumallo, ki tsaya a miƙe, ki lalubo ƙarshen haƙarƙarinki da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, wajen saitin cibiya ko sama kaɗan. Ki fitar da numfashi yadda kika saba, kada ki shanye ciki, kada ki matse tef ɗin har ya nutse cikin fata. Ki rubuta adadin da kwanan wata.

A wajen mata, daga santimita 80 haɗarin hawan jini da ciwon sukari ya fara ƙaruwa, daga 88 kuma ya yi yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙugunki kada ya wuce rabin tsawonki: mai tsawon santimita 160 ta nemi ƙasa da 80. Ki maimaita awon nan sau ɗaya a mako biyu.

Sikeli kuwa sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, lokaci ɗaya. A shekarun nan jiki yana riƙe ruwa yana saki, nauyi yana iya hawa da kilo ɗaya ko biyu cikin kwana biyu ba tare da kitse ya ƙaru ba. Mata da yawa a nan suke karaya su daina, alhali ƙugunsu ya fara raguwa.

3. Kayan aiki da abin da za ki kashe

Yawancin kayan suna cikin gidanki. Kujerar katako mai ƙwari wadda ba ta da taya, a jingina ta da bango. Kujerar roba tana zamewa a kan tayil, ki guje ta. Tabarma mai kauri ko tsohon bargo da aka ninka. Matakalar bene ta farko, ko dakalin ƙofa wanda tsayinsa bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba.

Nauyin ɗagawa kuma ruwa ne: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ke nan, jarka mai lita 5 kilo 5, jakar fiya wata mai leda 20 kusan kilo 10. Amfanin jarka shi ne kina iya ƙara ruwa kofi-kofi yayin da ƙarfi ke ƙaruwa. Ki tabbata murfin ya rufu gam, domin ruwa a kan siminti ko tayil shi ke kawo faɗuwa.

Abu biyu ne kawai suka cancanci ki fitar da kuɗi. Takalmin kambas mai laushin ƙasa, wanda ya bar wa yatsu fili, kuma na gwanjo mai kyau daga kasuwar Katako ko Taminus a Jos ya wadatar. Ki gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ki riƙa sawa. Sai rigar nono mai riƙewa da kyau. Silifas bai dace da tafiya mai nisa ba, yana jawo ciwon diddige.

Kada ki sayi bel ɗin ɗaure ciki, ko rigar leda mai sa gumi, ko shayin rage ƙiba. Gumi ruwa ne, kina shan ruwa ya dawo. Yawancin shayin nan gudawa da yawan fitsari suke sawa, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin hawan jini.

4. Tafiya: daga minti 10 zuwa minti 30

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, ta ce babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 150 shi ne minti 30 sau biyar. Can za ki, amma ba daga can za ki fara ba.

Mako na 1 da na 2: minti 10 zuwa 15, kwana biyar. Mako na 3 da na 4: minti 20. Daga mako na 5: minti 30. Idan babu minti 30 a dunƙule, ki raba uku, goma bayan kowane cin abinci. Wannan rabon ma yana da nasa amfanin, domin tafiya bayan cin abinci tana rage hawan sukari.

Saurin shi ne inda ake kuskure. Tafiyar zuwa barka ko zagayen kasuwa ana tsayawa ana gaisawa ba ta shiga lissafi. Ma'aunin shi ne ki iya magana amma ki kasa rera waƙa. Idan kina son lissafi, ki ƙirga taku: kimanin 25 cikin daƙiƙa 15, wato 100 a minti. Minti uku na farko da uku na ƙarshe ki tafi a hankali.

Wadda ba ta fita waje ba ta da asara. Tsakar gida, baranda ko falo sun isa: ki yi tattaki a wuri ɗaya kina ɗaga gwiwa da kaɗa hannu na minti biyu, ki yi taku gefe da gefe na minti biyu, ki hau matakala ki sauka na minti ɗaya, ki sake zagayowa. Wadda ke fita kuwa, Jos gari ne na hawa da gangara, kuma hawan nan alheri ne ga zuciya da cinya. Gangara ce ke takura gwiwa, don haka ki gajarta taku idan kina saukowa.

Sanyin Jos yana sauƙaƙa wa mai fama da zafin jikin da ke tasowa kwatsam a lokacin ɗaukewar al'ada, amma a watan Disamba da Janairu, da asuba gaɓoɓi a sandare suke. Ki tsawaita ɗumama jiki zuwa minti takwas ko goma, ko ki jira hantsi. Ki sa kayan auduga hawa biyu yadda za ki iya cire ɗaya idan zafin ya taso, ki ajiye ruwa kusa. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa, mai asma ta yi nata a ɗaki.

Gargaɗi: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, haki da ya fi ƙarfin aikin da kike yi, ko bugun zuciya da ya rikice, ki tsaya nan take a kai ki asibiti. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan gilibenkilamaid kada ta fara da cikin wofi, ta riƙe dabino ko ƙwayar sukari a jikinta, ta kuma duba tafin ƙafarta bayan kowace tafiya.

5. Ƙarfafa tsoka, kwana biyu a mako

Ki fara wannan a mako na 2 ko na 3. Ki zaɓi kwana biyu da ba sa bin juna, misali Talata da Asabar, domin tsoka tana buƙatar kamar awa 48 ta farfaɗo. Ki ɗumama jiki da tattakin minti biyar. Kowane atisaye ki yi shi sau 8 zuwa 12, ki huta minti ɗaya, ki wuce na gaba. A mako biyun farko zagaye ɗaya ya isa, daga nan biyu, daga baya uku.

Doka ɗaya ta shafe su duka: kada ki riƙe numfashi. Ki fitar da iska lokacin da kike yunƙuri, ki shaƙa lokacin komawa. Riƙe numfashi ana ɗaga nauyi yana harba hawan jini sama.

Zauna ki tashi. Ki tsaya gaban kujera, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Ki tura ƙugu baya, ki sauka a hankali kina ƙirga uku har ki taɓa kujerar, sannan ki danna diddige ƙasa ki miƙe. Kada ki faɗa kan kujerar, kada gwiwoyi su haɗe ciki. Idan gwiwa tana ciwo, ki ɗora matashi a kan kujerar don a rage zurfin. Idan ya yi sauƙi, ki rungume jarka a ƙirji. A cikin duka atisayen nan, wannan ne ba za a bari ba ko da lokaci ya ƙure, domin shi ne ke riƙe miki tashi daga tabarma da sujada ba tare da dafa bango ba.

Tura bango. Ki dafa bango da tafin hannu biyu a saitin ƙirji, ki ja ƙafafu baya kamar taku biyu. Ki lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusa bangon, ki tura ki dawo. Jiki ya zama miƙaƙƙe daga kai zuwa diddige. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar ƙugu a baya, kai kaɗai ke zuwa. Idan kin iya 12 ba wahala, ki koma dafa bakin tebur mai ƙwari da aka jingina da bango.

Jan jarka. Ki dafa kujera da hannun hagu, ki sunkuya daga ƙugu, baya a shimfiɗe ba a ƙudundune ba. Ki riƙe jarka da hannun dama, ki ja ta zuwa gefen ƙugu, gwiwar hannu tana gogar haƙarƙari, ki sauke a hankali. Ki canza hannu. Ki fara da lita biyu ko uku.

Ɗaga ƙugu a kwance. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ki matse ɗuwawu ki ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ki riƙe daƙiƙa biyu, ki sauko. Idan a ƙasan baya kike jin aikin, kin ɗaga ya wuce kima.

Ɗaga gora sama. Gora ɗaya a kowane hannu a saitin kafaɗa, ki tura sama, ki sauke. Mata da yawa a shekarun nan suna fama da sandarewar kafaɗa. Idan taki tana ciwo, ki tsaya inda ciwon yake farawa, kada ki tilasta.

Ɗaukar kaya a tafi. Jarka ɗaya a kowane hannu, nauyi daidai, ƙirji a buɗe, ki yi tafiyar daƙiƙa 30. Wajen ɗauka da ajiyewa ki lanƙwasa gwiwa, ba baya ba.

Rarrafe da miƙewa. Ki durƙusa a kan hannu da gwiwa, ki miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ki riƙe daƙiƙa uku ba tare da ƙugu ya karkace ba, ki canza. Wannan shi ne atisayen cikinki. Wanda aka fi sani, na kwanciya ana tasowa zaune, ba ya ƙona teɓa, domin jiki ba ya zaɓar wurin da zai cire kitse. Ga wadda ƙashinta ya fara rauni ma yana da haɗari ga ƙashin baya, shi da sunkuyawa a taɓo yatsun ƙafa da murɗa ƙugu da ƙarfi.

A ƙarshe ki tsaya a kan ƙafa ɗaya kusa da bango na daƙiƙa 20 zuwa 30, ki canza. Faɗuwa ce ke karya ƙugu da wuyan hannu a manyanta, tun yanzu ake rigakafinta.

Tsamin jiki da ke zuwa washegari ya kwana biyu ko uku ba matsala ba ne, tafiya a hankali ma tana sassauta shi. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, shi ne alamar a dakata da wannan atisayen.

6. Tsokar da ke riƙe fitsari

Ba a cika faɗar wannan ba saboda kunya, amma shi ne ya sa mata da yawa suka bar motsa jiki: fitsari yana ɗan kuɓucewa idan an yi tari, dariya ko tsalle, ga damuwar tsarki da alwala. Haihuwa da raguwar istirojin ne ke sassauta tsokar ƙasan mara, kuma tana gyaruwa. Ki matse kamar mai riƙe fitsari da iska a lokaci guda, ki riƙe daƙiƙa biyar kina numfashi, ki saki na daƙiƙa biyar. Sau 10, sau uku a rana, a hankali ki kai riƙon zuwa daƙiƙa goma. Ciki da cinya kada su taya. Kada ki riƙa yin sa lokacin da kike fitsari. Yakan ɗauki wata uku kafin a ga canji, kuma kafin nan ki bar tsalle-tsalle da tsallen igiya. Idan kina jin nauyi ko wani abu yana saukowa ta gaba, ki ga likita kafin ki ɗaga jarka mai nauyi.

7. Yadda ake ƙara nauyi

Tsoka tana ƙaruwa ne idan aka ba ta abin da ya ɗan fi ƙarfinta. Gorar da kika fara da ita a watan farko ba za ta yi miki komai ba a wata na huɗu. Ma'aunin shi ne biyun ƙarshe su yi wuya amma tsayuwarki ba ta lalace ba. Idan kin yi 12 kina jin za ki iya ƙara biyar, ki ƙara ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya. Abu ɗaya ake ƙarawa a mako, ko nauyi ko zagaye ko mintunan tafiya. Idan tsayuwa ta fara karkacewa, ki rage nauyin, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada ki ji tsoron jikinki zai murɗe irin na maza, jikin mace ba ya yin haka da jarkar ruwa.

Daren da gumi ya hana ki barci, ki rage aikin washegari zuwa rabi maimakon ki fasa. A ranakun azumi, tafiya mai sauƙi ta yi bayan la'asar, ɗaga nauyi kuma a bari sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki.

8. Gyaran kwano

Tafiya mai sauri ta minti 30 tana ƙona kalori 120 zuwa 150 ga mace mai kilo 70. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Wato cokali ɗaya da aka ƙara a miya ya kusa share tafiyar yini, don haka motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke nauyi sosai.

Ki raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa ko dankali, sauran kuma abin gina tsoka. A Jos wannan ba wuya, ga kabeji, karas, koren wake da latas a kasuwar Farin Gada, ga gwaten acca mai yawan ganye. Dankalin turawa a dafa maimakon a soya. Kowane cin abinci ya kasance da wake, ƙwai, kifi, awara, kaza ko kindirmo marar sukari, musamman da safe, inda aka saba wucewa da shayi da burodi kawai. Nono da ƙananan kifin da ake ci har ƙashi suna ba da kalsiyam ɗin da ƙashinki ke nema. A riƙa auna mai da cokali, a daina tsiyayawa daga galan. Lemon kwalba, da zoɓo da kunun zaƙi masu sukari, a mayar da su na lokaci-lokaci.

9. Bayan mako 12

Rabin kilo a mako gudu ne mai kyau a wannan shekarun, wani makon ma ba za a ga komai ba. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, ya isa ya taɓa hawan jini da sukari. Mai shan maganin ɗayansu ta riƙa aunawa, domin likita yana iya buƙatar rage mata magani. Kada ta rage da kanta.

Idan mako 12 sun cika ƙugu bai motsa ba, ki duba abu huɗu bi da bi: ko tafiyar ta koma ta yawo, ko nauyin jarka bai ƙaru ba tun farko, ko mai da abin sha mai zaƙi sun dawo, ko barci bai kai awa bakwai ba. Ki gyara ɗaya, ki ba shi mako huɗu. Idan duk suna daidai amma nauyi yana ta hawa, ga kasala, jin sanyi fiye da kowa, bushewar ciki da zubewar gashi, ki nemi a yi miki gwajin tayirod, wato halittar da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, ki kuma tafi wa likita da duk magungunan da kike sha, domin wasu, irin su firedinisolon da ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kemis, suna ƙara nauyi.